Wa ke riƙe bakin mai cike takardar haraji?

Daga Janairu zuwa 15 ga Afrilu, ofisoshin cike takardun haraji a Amurka ba sa samun sukuni. Ana ɗebo ma'aikatan wucin gadi, ana kiran 'yan kwangila su gyara kwamfuta ko su shigar da bayanai. Kafin a ba sabon zuwa lambar shiga na'ura, sai an ajiye masa takarda ya sa hannu cewa duk abin da ya gani zai bar shi a nan. Abin da zai gani kuwa ba kaɗan ba ne: albashin mutum, bashin gidansa, kuɗin asibitinsa, sunayen 'ya'yansa da lambobin shaidarsu.

Sai dai ƙarfin takardar yana cikin dokar da ke bayanta. Tun 1971 sashe na 7216 na dokar harajin tarayya ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara ɗaya ko tarar dala 1,000 ga mai cike takarda da ya fallasa bayanan mai biyan haraji. Wani sashen, na 6713, yana cin dala 250 a kan kowace fallasa, har dala 10,000 a shekara. Wajibi ne mai ofis ya sanar da ɗan kwangila wannan hukunci a rubuce. In kuma yana son tura aikin Indiya, kamar yadda ofisoshi da dama ke yi don rage kashe kuɗi, sai mai biyan harajin ya sa hannu ya amince tukuna.

A Jamus abin ya fi haka zurfi. Can mai ba da shawara kan haraji yana sahu ɗaya da likita da lauya a sashe na 203 na dokar laifuffuka, wanda ya hana su tona asirin wanda ya zo musu. Amanar tana liƙe da sana'ar kanta, ko an sa hannu ko ba a sa ba. A 2017 aka yi wa dokar kwaskwarima ta haɗa da mutanen waje, irin su mai gyaran kwamfuta da kamfanin da ke niƙe tsofaffin takardu. Idan mai ofis ya yi sakaci bai ɗaure su da alƙawarin rufe baki ba, suka kuma yi ɓaram-ɓarama, shi ma zai iya shan hukunci.

A gaban alƙali ne bambancin ke fitowa fili. Bajamushen na da ikon ƙin ba da shaida a kan mutumin da yake yi wa aiki. Takwaransa na Amurka ba shi da wannan gata a shari'ar laifi: kotun tarayya ta kira shi, dole ya buɗe baki, komai kaurin yarjejeniyar da ke ajiye a ofishinsa.

Ostareliya ce ta nuna yadda takarda ita kaɗai ke ƙarewa. Daga 2013 Peter Collins, babban jami'in haraji a kamfanin PwC, ya sa hannu a yarjejeniyar sirri da baitulmalin ƙasar domin ya ba da shawara kan sabuwar dokar hana manyan kamfanonin duniya zille wa haraji. An ba kura ajiyar nama ke nan. Ya riƙa tura wa abokan aikinsa abin da ya ji, su kuma suka shiga neman kwastomomi da shi. Shekaru suka shuɗe kafin asiri ya tonu, kuma hukumar kula da masu sana'ar ta dakatar da shi na shekara 2 kacal. Fushin jama'a da binciken majalisar dattawa ne suka yi aikin da yarjejeniyar ta kasa. A Mayun 2023 shugaban kamfanin na ƙasar, Tom Seymour, ya sauka, daga bisani PwC ya sayar da sashensa mai yi wa gwamnati aiki a kan dala ɗaya.