Janar Bison a gidan kallon Mahuta

A da, idan aka kai auduga masaƙa da gidan gurza a Funtuwa, masara da dawa suka shiga rumbu, sai kuɗi ya faɗo hannun kowa a Mahuta, har da mu yara masu tsince da dako. A irin wannan lokacin ne mai gidan kallo kan tayar da janareta bayan isha'i, ya jera benci, ya zura kaset ɗin da ya yo haya daga birni. Indiya na da masoyanta, amma ranar da aka ce akwai fim ɗin Bandam, ko wurin tsayuwa sai da rabo.

Cikin finafinansa babu wanda ya zauna mini a rai kamar Street Fighter na 1994. Daga baya muka ji cewa daga wasan gem na kamfanin Capcom na Japan aka ciro shi. Mu fim ɗin ya fara iso mana, gem ɗin sai da muka girma muka gan shi a shagunan Funtuwa. Ba a fassara fim a lokacin. Wani ɗan sakandare ke zama kusa da talabijin yana ba mu labari, inda Turancin ya fi ƙarfinsa ya cike da nasa, kuma ba mu taɓa jin an rage mu da komai ba.

Bos ɗin shi ne Janar Bison, mai jar hula, wanda ya danne wata ƙasa mai suna Shadaloo. Ya kama ma'aikatan agaji 63, ya ce a kawo dala biliyan 20 cikin kwana uku ko ya hallaka su. Ya buga kuɗi da hoton fuskarsa. Ya tilasta wa likita Dhalsim ya mayar da mutum dodo. Mu faɗa muke jira, amma magidantan da ke bencin baya wani abu suke gani. Zamanin Abacha ne, man fetur na wuya, rediyo kullum na kawo labarin sojojinmu na ECOMOG a Laberiya. Da suka ga dakarun ƙasashe masu shuɗin kaya sun shiga Shadaloo, ba su nemi bayanin kowa ba. In Bison ya hau mumbari yana cika baki, sai ka ji wani dattijo ya ce, "Mulki ke nan," ya yi shiru, na kusa da shi su gyaɗa kai.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne na Chun-Li, 'yar jaridar da Bison ya kashe wa uba a ƙauyensu. Ta shekara da shekaru tana ɗauke da abin a zuciya, shi kuwa ko tunawa bai yi ba. Duk talakan da ya taɓa tsayawa gaban mai iko ya san zafin wannan. Raul Julia da ya fito a Bison yana fama da ciwo lokacin ɗaukar fim ɗin, ya rasu a Oktoban 1994 kafin a sake shi, amma ya yi wasan da dukan ƙarfinsa.

Abin da nake kewa shi ne yadda kuɗin fansa ya kasance mana almara. Mu tashi sha ɗayan dare, 'yan ƙauyukan kewaye su hau kekunansu su bi ta gonaki, babu mai waiwaye. Sai ga shi a Disamban 2020, mako guda bayan ɗauke ɗaliban Ƙanƙara, 'yan bindiga suka tare 'yan Islamiyyar Mahuta kusan 80 a hanyar dawowa daga Mauludi. Allah ya sa 'yan banga da jami'an tsaro suka bi sawu suka ƙwato su.

A wancan zamani kuwa, washegarin kallo gardama ɗaya ce ke hana mu sakat a dandali: in aka haɗa Bandam da ɗan damben nan Shago a filin dambe, wa zai kai wani ƙasa? Mu yara muna bayan Bandam saboda tsalle da shurinsa. Mahautan garin, da suka san dambe tun kakanni, sukan ce ko turmi ɗaya ba zai kai ba.