Shuɗin Allo a Tudun Hatsi

Masu karatu a yi min afuwa, kwana biyu an ji ni shiru. Dalilin shirun shi ne labarin da zan bayar yau, domin na'urar da nake wannan rubutu da ita ce ta so ta zubar min da mutunci a gaban mahaifina.

Baba ɗan kasuwar hatsi ne a Tudun Hatsi, nan cikin garin Gombe. Wake, masara, dawa, sai riɗi in kakarsa ta zo. Tun kafin a haife ni yake da dogon littafinsa mai jan bango, inda yake rubuta wanda ya kawo kaya, da wanda ya ɗauka, da wanda ake bi bashi. Sunaye da ajami, lambobi da boko. Littafin nan bai taɓa ba shi kunya ba sai a farkon 2023, lokacin da aka sauya takardun naira, tsabar kuɗi ta yi wuya, kowa ya koma tiransifa. Mutum zai sayi buhu goma, amma alat ya shigo da sunan ƙaninsa, ko da sunan mai POS. Lissafi ya fara cakuɗewa. Ni kuma na gama sakandare, na yi wata uku a wani shagon kwamfuta ina koyon Excel, sai na ga dama ta samu. Na dinga yi masa magiya har ya amince ya saya min kwamfutar tafi-da-gidanka, ta hannu, 'yar gwanjo. Ranar da zai ba ni kuɗin ya dube ni ya ce, "Yaro, in ta ɓatar min da lissafin mutane, da bakinka za ka yi musu bayani."

Sama da shekara guda ba mu taɓa samun matsala ba. Sai cikin hunturun Disambar 2024, ina tsakiyar shigar da cinikin rana, allon ya rikiɗe ya zama shuɗi, ga wata fuska mai ɓacin rai a sama, ga lambobi suna ƙirga kansu zuwa 100. Ta mutu, ta tashi da kanta. Excel yakan adana aiki duk bayan minti 10, don haka abin da na rasa bai taka kara ya karya ba. Na ce tuntuɓe ne. Bayan kwana uku ta sake. Daga nan ta mayar da shi sana'a.

Mai gyara na farko ko kunna ta bai gama yi ba ya ce bairos ne, sai an yi mata fomatin. Ya tambaye ni ko akwai abu mai muhimmanci a ciki, na ce ina da kwafe a filash. Gaskiya ne ina da shi, abin da na manta shi ne rabona da sabunta kwafen nan mako uku. Wannan laifina ne ni kaɗai, ba zan ɗora wa kowa ba. Na biya naira 5,000, aka goge komai tas, na dawo gida da na'ura mai sheƙi da ramin mako uku a lissafin Baba. Ban faɗa masa ba. Na yi ta bin alat ɗin wayarsa cikin dare ina ƙoƙarin toshe ramin.

Asiri ya tonu ranar da wani dattijo daga Dukku ya zo karɓar cikon kuɗin wakensa, buhu 40. Ya ce an ba shi rabi, saura rabi. Baba ya ce in duba. Na buɗe, na yi sama na yi ƙasa, babu sunan mutumin nan ko kaɗan. Gumi ya keto min duk da sanyin da ake yi. Baba ya ɗan jira, sannan ya miƙa hannu bayan buhunan da yake jingina da su ya jawo littafin nan mai jan bango. Ashe bai taɓa daina rubutawa ba. Ya karanta wa mutumin kwanan wata da adadi, suka daidaita, aka biya shi. Bai ce da ni uffan ba, har muka rufe rumfa. Da ya zage ni, wallahi da ya fi min sauƙi.

Kwana huɗu bayan fomatin ɗin, shuɗin allo ya dawo. Mai gyara na biyu ya ce ma'adanar ce ta gaji, a sa sabuwa irin ta SSD. Aka sa. Ba zan yi ƙarya ba, na'urar ta ƙara sauri sosai, sai dai yanzu cikin sauri take mutuwa. Abin da na lura da shi a wurin masu gyaran nan biyu, kowanne maganin da yake da shi a shago shi yake kira sunan cutar. Babu wanda ya tambaye ni yaushe take yi, ko me take rubutawa in ta yi.

Ni ma kaina ban san amsar ba, shi ya sa na sayi littafin makaranta mai shafi 40 na fara yin irin na Baba. Duk mutuwa ɗaya, layi ɗaya: rana, lokaci, a wutar gari take ko janareta ko batiri, me nake yi, sannan kalmomin da ke ƙasan shuɗin allon, waɗanda nake ɗauka da waya kafin su ɓace. Zuwa ƙarshen Maris na cika shafi uku, kuma a nan ne na ga abin da ya ɓuya min. Ashe cuta biyu ce nake yi wa kallon ɗaya.

Ta farko ita ce mai shuɗin allo, wadda ba ta da lokaci. Safe, dare, a gida, a kasuwa. Kuma saƙonta ba ya tsayawa wuri guda: yau MEMORY_MANAGEMENT, gobe IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, jibi wani daban. Ta biyu ba ta nuna komai, ɗif kawai take ɗaukewa kamar an zare mata rai, kuma duk layukanta sun taru ne tsakanin azahar da la'asar, a rumfa, ƙarƙashin kwano, tun da zafi ya shigo. Cikin Windows akwai wani wuri da ake kira Event Viewer, inda na'ura take rubuta tarihinta. Na shiga da zumuɗi, na tarar da Kernel-Power 41 jere. Da na bincika ma'anarsa sai na yi dariya ni kaɗai: cewa yake na'urar ta mutu ba tare da an kashe ta yadda ya kamata ba. To ai wannan ni ma na sani.

Na fara da ta biyun. Na sa wata 'yar manhaja mai auna zafi, na ga ƙwaƙwalwar tana haura digiri 95 alhali Excel kaɗai na buɗe. Irin waɗannan ƙwaƙwalen in suka kusanci 100 sukan rage gudu, in abin ya ƙi sai su kashe kansu don kada su ƙone. Na ari sukundireba, na kwance bayanta da bismilla. Mai karatu, abin da na gani tsakanin fanka da ƙofar iska ya isa a yi ƙaramin matashi da shi: ƙurar hunturu biyu da ƙaiƙayin dawa sun dunƙule sun toshe hanyar baki ɗaya. Wanda ya ƙera na'urar nan a can ƙasarsu bai taɓa tsayawa kusa da inda ake sheƙe hatsi ba. Farin man da ake shafawa a kan ƙwaƙwalwar don ya kai zafi waje shi ma ya bushe, yana ɓarewa kamar busasshen koko a ƙwarya. Na share, na shafa sabo. Tun daga ranar ba ta sake ɗaukewa ɗif ba.

Ta farkon ta fi wahala. Abin da na fahimta shi ne, in saƙon shuɗin allo yana sauyawa kullum, ana zargin ram, wato ƙwaƙwalwar wucin-gadi da na'ura take riƙe aiki a ciki. In wani lungu nata ya lalace, duk manhajar da ta faɗa wurin ita za a ga kamar mai laifi, shi ya sa sunan yake canzawa. Na sa MemTest86 a filash, na tayar da na'urar daga kansa, na bar ta tana gwaji bayan isha'i. Kafin in yi barci jajayen layuka sun cika allon. Ram ɗin guda biyu ne a ciki, kowanne 4GB, kuma da na zaro su sai na ga ba kamfani ɗaya ba ne. Ɗayan an ƙara shi ne daga baya, don a sayar da ita a matsayin mai 8GB. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya. Na asalin ya wuce zagaye huɗu lafiya lau, na ƙarin ya faɗi tun zagayen farko. Na cire shi na jefa cikin gwangwanin allura na Inna. Abin da ya ci min fomatin da SSD da mako uku na lissafi, ɗan falle ne da bai kai tsawon yatsana ba.

A tsakiyar wahalar nan na ɗan samu sanyi da na karanta cewa ranar 19 ga Yulin 2024 wani sabuntawa na kamfanin CrowdStrike ya jefa kwamfutoci kusan miliyan 8.5 cikin shuɗin allo a duniya, har jirage suka kasa tashi a Amurka da Turai. Na ba Baba labarin. Ya ce, "Su ma ba su da littafi?"

Har yanzu da sauran rina a kaba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, tawa kuma ta tsufa da ɗaukar Windows 11, inda na ji har shuɗin allon ma an mayar da shi baƙi. Wannan magana ce ta wata rana, in an samu kuɗi. A yanzu dai kullum kafin mu rufe rumfa sai na kwafe lissafi a filash na kuma tura wa kaina ta imel, duk wata kuma sai na hure mata ƙura.

Daren kowace Alhamis muna zama a zaure, shi da littafinsa, ni da allona, yana karantawa ina bi. Makon jiya muka samu saɓanin buhu biyu na masara a lissafin wani mutumin Kumo. Muka koma kan alat, muka kira direban da ya sauke kayan. Nawa ne daidai. Baba ya daɗe yana kallon shafin, ya cire tabarau ya goge, sannan ya turo min littafin da biro.

"To gyara min," in ji shi. "Amma da ajami."