Daga Kamba Zuwa Dajin Giginya na Gaya

Daga Birnin Kebbi muka bi hanyar Kamba, muka tsallaka iyaka zuwa Jamhuriyar Nijar. Tun kafin mu isa Gaya, garin da gada ta haɗa da Malanbil ta ƙasar Binin, giginyu suka fara bayyana jefi-jefi cikin gonaki. Da muka gangara kwarin Dallol Mauri, wajajen Bana da Bengu, sai suka cika ido. Duk inda ka duba su ne tsaitsaye, wasu sun haura mita 20, da kumburin nan a wuya wanda sai giginya ta manyanta take yin sa. Dallol tsohon kwarin kogi ne, ruwa na kusa a ƙarƙashin yashi, shi ya sa wurin ya karɓe su. Tun 2004 aka sa shi cikin wuraren dausayi da yarjejeniyar Ramsar ke karewa.

Wani dattijo muka tarar yana noma gero a tsakanin giginyunsa. Na tambaye shi ko itatuwan ba sa danne shuka. Ya ce, "Ɗana, inuwar giginya ai na nesa ka sha. Gero bai ma san tana nan ba."

Ya ja ni gefen gona ya nuna mini wasu ganye biyu da suka ɓullo daga ƙasa, an zagaye su da ƙaya. Da ban ji daga bakinsa ba, da ciyawa zan ɗauka. Na ce, "Baba, a ina kuka samo dashen?" Ya girgiza kai. Giginya ba ta son dashe. Ƙwallon ake binnewa da damina a daidai inda ake so ta tsaya, domin kafin ta nuna ganye ko ɗaya sai ta fara nutsa can cikin ƙasa. Ka tone ta, ka kashe ta. Daga nan shekaru za ta yi tana ganye a ƙasa, babu gangar jiki. A wannan lokacin ne ake rasa yawancinsu: akuya ta cinye, gobarar daji ta lashe, garma ta tumɓuke, ko mai saƙar tabarma ya yanke ganyen har da na tsakiya. Ban ruwa ba ta nema, taki ma ba dole ba. Tsaro take so.

Wani abin kuma, akwai namiji akwai mace, ba ka gane wanne ka shuka sai ya yi fure. Macen ke 'ya'ya, kowane ɗa da ƙwallo har uku a ciki. Namijin ake so don azara, saboda ƙarfinsa da yadda gara ba ta cin sa. Azarar da ke riƙe da tsofaffin soraye a ƙasar Hausa daga irin waɗannan itatuwa ta fito. A nan ba a sare giginya sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

A bakin ƙauyen muka ga mata suna haƙar muruci. Ƙwallaye suke jerawa a fangali, su rufe da yashi, bayan wata shida zuwa bakwai su tono, su dafa, su kai kasuwa. Na saya na ci, da ɗan ɗacin nan nasa mai daɗi. Amma kowane muruci giginya ce da ba za ta tashi ba, kuma na lura akwai gonakin da manya ne kawai a ciki, babu ƙanana a gindinsu. Ban ga laifin matan ba, da kuɗin suke cefane. Abin da dattijon ke yi shi ne daidai: kowace shekara yana ware wasu ƙwallaye ya binne a kan iyakar gonarsa.

Mai gona a fadama ko bakin gulbi, idan damina ta faɗi ka binne ƙwallo ko biyar ne, ka kewaye su da ƙaya, ka hana a sa wuta kusa da su.