Na Sallama

Ɗalibai sukan tambaye ni bambancin "albarka" da "na sallama" a bakin mai sayarwa. Amsar aji gajeriya ce: idan aka taya maka kaya ka ce "albarka", tayin bai kai ba ke nan, idan ka ce "na sallama", ciniki ya faɗa. Na yi shekaru ina koyar da haka, amma sai a daminar 2024 na san nauyin kalma ta biyun.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, manomin dawa da riɗi ne a wani ƙauyen Hausawa kusa da garin Dinder, jikan waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 suka fara zama a Maiwurno. Wata shekara da riɗi ya yi kyau, ya tafi Wad Madani ya dawo da kyamara samfurin Zorki 4, ƙirar Tarayyar Sobiyet. Ƙarfe ce zalla, ba ta buƙatar batir. Idan ka leƙa tagarta za ka ga wani ɗan fili mai haske a tsakiya, inda abin da kake kallo yake rabuwa biyu. Sai ka yi ta murɗa zoben gilashin har siffofin biyu su haɗe, sannan ka danna. Baba bai taɓa cewa "hoto" ba, "sura" yake cewa, kamar Larabawan da muke maƙwabtaka da su. Doka ɗaya ya kafa mini: kada in taɓa maɓallin sauri sai na ɗana fim tukuna, in ba haka ba cikinta ya lalace. Ta ɗauki ɗaurin auren yayyena, da ambaliyar kogi, da tsofaffin da yanzu ba wanda ke tuna muryarsu.

Da yaƙi ya iso Dinder muka gudu Gadarif, na naɗe ta cikin rawanin Baba. Albashi ya tsaya, kuɗin haya da maganin Inna kuwa ba su tsaya ba.

Wani dillali ya kawo mini wani saurayi, Bahaushen Gadarif, mai tura tsofaffin kaya Alƙahira. Ya juya ta, ya ɗana, ya kara kunne. "Malam, ai wannan ba Leica ba ce," in ji shi. Gaskiya ya faɗa. Kwaikwayon Leica ne asalin danginta, kuma daga 1956 zuwa 1973 an ƙera irinta sama da miliyan ɗaya da rabi, don haka ba ta da tsada a ko'ina. Shekara hamsin ɗin da ta yi a gidanmu ba su shiga lissafinsa ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Na bayyana masa aibinta: tana sarƙewa idan aka rage sauri, gilashin kuma ya ɗan yi hazo. Ƙanena ya harare ni. Amma Baba ba ya sayar da ko buhun dawa sai ya faɗi idan ta ga damshi, ni kuwa ba zan ɓoye aibi a kan kayansa ba. Saurayin ya taya, na ce "albarka". Ya ƙara kaɗan, na sake cewa "albarka", alhali na san babu mai ƙarawa. Kalmar ce kawai ta maƙale mini. Sallama fa ita ce abin da ake yi wa baƙo idan zai tafi, ita ce kuma ake yi wa yaron shago da ya gama koyon sana'a. A karo na uku na faɗe ta, dillali ya cire la'adarsa.

Har zai sa ta a jaka na tuna akwai fim a ciki, wanda Baba ya fara bai ƙarasa ba. Na karɓe ta, na naɗe fim ɗin cikin gwangwaninsa, na cire. Yana nan cikin rawanin. Har yanzu ban sami inda ake wankewa ba.