Yaya ake faɗa wa ɗan shekara shida ya dogara ga Allah?

A sashen nazarin harshe ana koya mana mu farke kalma mu ga abin da ke cikinta. Kalmar da na fi daɗewa ina juyawa ita ce bangaskiya. Ginin ta ɗaya ne da na ban ruwa, ban kwana, ban tsoro: aikatau "ba" ne aka ɗaura wa suna. Wato mai bangaskiya shi ne wanda ya ba wani gaskiya, ya ce masa maganarka haka take. Masu fassara Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara bugawa cikakke da Hausa a 1932, da sun so da sun tsaya ga imani, tunda kowa ya san ta. Sai ga shi wadda ta zauna a bakinmu ita ce wannan da aka ƙera da kayan gida.

Ba don jarrabawa kaɗai nake wannan tunani ba. Duk hutu in na koma Zinder, ni ake ba ajin ƙanana a makarantar Lahadi, ƴan shekara huɗu zuwa bakwai, wajen su goma sha biyar a tabarma biyu. A gabansu ilimin jami'a ba ya tsinana komai. Ka ce da yaro "ka ba da gaskiya ga Allah", zai ce to, don ya ga babba ne ke magana. A lakwal ma haka yake amsa mushe. In ka ƙara masa da faransanci, la foi, ya haddace ya maimaita maka daidai, amma kalmar ba ta taɓa ko'ina a jikinsa ba.

Kalmar da na ga tana shiga ita ce dogara, don ita ana ganinta da ido. Kowane yaro ya san tsohuwa mai dogara sanda. Nakan kawo sanda biyu, ɗaya ta icce mai ƙarfi, ɗaya karan hatsi, in ce kowa ya zo ya jingina. Karan ya karye, a yi ta dariya. Daga nan sai in tambaye su: wanda ya faɗi, rashin ƙoƙarinsa ne ko sandar ce ba ta da ƙarfi? Su da kansu suke cewa sandar ce. To darasin ke nan. Dogara ba ƙarfin mai jingina ba ne, ƙarfin abin da aka jingina gare shi ne.

Misali na biyu goyo ne. Ƴan matan ajin duk sun taɓa goya ƙanne. Jariri yana barci a bayan uwarsa a tsakiyar kasuwar Dole, ga kabu-kabu, ga amalanke, ga hayaniya, shi ko a jikinsa. Bai riƙe komai ba, shi aka riƙe. Wata yarinya ta taɓa ce mini, "Tanti, ashe mu ma Allah goya mu ya yi?" Na ce mata e, kusan haka ne. Ban taɓa jin fasto ya faɗe shi da kyau kamar yadda ta faɗa ba.

Amma a nan ne wuyar take. Yana da sauƙi a koya wa yaro cewa in ya dogara ga Allah komai zai yi daidai: Dawuda ya ka da Goliyat, Daniyel ya fito daga ramin zakuna ko ƙwarzane babu. Yara suna son waɗannan labarai, ni ma ina son su. Sai dai ɗan ƙasar nan ba ya daɗewa bai ga wani abu dabam ba. Damana takan yanke hatsi yana bununi. Zazzaɓin cizon sauro yakan ɗauki ƙanensa bayan an yi addu'a, an kuma kai shi likita. Wani yaro ɗan shekara shida ya tambaye ni, "Tanti, mun roƙa, don mi bai warke ba? Ko ba mu roƙa da kyau ba ne?" Wannan tambaya ta biyu ita ce mai haɗari. In an koya wa yaro cewa bangaskiya kamar ciniki ce, ka ba da addu'a a miƙo maka biyan bukata, ranar da ba a miƙo ba zai ɗora laifin a kansa, ko kuma ya yanke cewa Allah ya yi masa ƙarya.

Abin da na ce masa kaɗan ne. Na ce ba laifinka ba ne, Allah ya ji ka, kuma kuka ba rashin bangaskiya ba ne, tunda Yesu da kansa ya yi kuka a kabarin abokinsa Li'azaru. Shi ya sa nake haɗa labarin Daniyel da na Yusufu, wanda ƴan'uwansa suka sayar, ya yi shekaru a kurkuku kan laifin da bai yi ba. Ina so su san tun yanzu cewa a cikin Littafin akwai waɗanda suka jira, akwai kuma waɗanda ba su ga amsa da idonsu ba.

Mu da muka tashi a Zinder mun san wannan ba a takarda ba. Ran Juma'a 16 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u a garinmu, washegari abin ya kai Yamai. Ina ƴar firamare a lokacin. Abin da ya fi zauna mini ba hayaƙin ba ne. Maƙwabciyarmu ce, Hajiya, da ta shigo ta ce wa innarmu, "Tattaro ɗiyan ku taho wurina, ba wanda za ya taɓa ku." A ɗakinta munka kwana biyu. Innarmu ba ta yi mana wa'azi ba, ta dai riƙa addu'a a hankali, har da waɗanda sunka sa wutar. Daga gare ta na fara sanin mene ne dogara, tun ban san sunansa ba.

Shi ya sa akwai abu guda da ba na yarda ya shiga ajina: a gina wa yaro bangaskiya a kan tsoron maƙwabci. Mu Kirista ba mu kai kashi 1 cikin 100 na ƴan Nijar ba. Abokan wasan yaranmu, ƴan ajinsu, sau da yawa har kakanninsu, Musulmi ne. Harshe ɗaya muke kiran Allah da shi. In sha Allahu, alhamdu lillahi, Allah ya kiyaye, duk a bakinmu suke. Abin da suke kira tawakkali ba baƙo ba ne gare mu, kuma a bayan motocin da ke bin hanyar Maradi kowa na karanta cewa dogaro ga Allah jari ne. Akwai bambanci na gaske tsakaninmu, musamman kan ko wane ne Yesu, kuma ba na ɓoye wa yara shi. Amma yaro yana iya sanin abin da ya gaskata ba tare da ya raina wanda suke cin tuwo a kwano ɗaya ba.

Bishara ta iso Zinder ta hannun ƴan mishan na SIM a 1924, asibitin Galmi ya buɗe a 1950. Amma ba gine-gine ne suka kawo bangaskiya har zuwa kanmu ba. Iyaye mata ne, da labarin dare, da addu'a kafin a sa hannu a kwano, da dala biyar da ake danƙa wa yaro ya jefa a baiko. Makarantar Lahadi awa ɗaya ce a mako, sauran duk na gida ne.

Don haka ƴan'uwana ɗalibai, ko wane addini kuke bi, in an ba ku ƙanne ku koyar, ku yi musu da harshen da suke kuka da shi. Kada ku yi musu alkawarin da Allah bai yi ba. In sun yi tambayar da ta fi ƙarfinku, ku zauna tare da su a cikinta, kada ku tsawata. Yaro yana fara ba babba gaskiya kafin ya ba Allah, kuma yana lura da ko mun cancanta.