Sunan da take nema

Tun tana ƙarama ake yaba kunyarta, domin ba ta haɗa ido da kowa. Ba wanda ya lura cewa hayaniyar kasuwa na gigita ta, habaici kuma a zahirinsa take ɗaukarsa. Sai a darasin ma'anar zance ta gane cewa abin da ƴan ajinsu ke fahimta nan take, ita haddace shi take yi kamar nahawu. Karatu ya kai ta ga otizam, yanayin da Leo Kanner ya bayyana a 1943, wanda akan makara wajen gano shi ga mata. Zato dai ba hukuncin likita ba ne, shi ya sa take neman ƙwararre a Yamai. Kafin nan, ta samu ire-irenta a WhatsApp, inda ba a tuhumar shirunta.