Rabin Sa'a A Ƙofar Makarantar Su Auta

 Da aka nemi kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa domin wannan fitowa, na so in yi rubutu a kan karin magana ko tatsuniya kamar yadda muka saba. To amma akwai wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wanda nake ganin gara in amayar da shi, ko Allah Zai sa wani ya amfana. Al'amarin bai wuce na ƙofar makarantar firamare ba, da rabin sa'ar nan da ake kai yara da safe, da kuma rabin sa'ar da ake ɗauko su da rana.

Ni haifaffen Agege ne a Jihar Legas, inda Hausawa suka daɗe da kafa zango. A shekarar 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki tun daga watan Fabrairu har zuwa Oktoba, wata 8 cur muna zaune a gida. Da Inna ta ga zaman ya yi yawa, sai ta ɗora mini aikin kai ƙanwata Auta makaranta da ɗauko ta. A lokacin shekararta 6, tana aji ɗaya. Na karɓi aikin ina ƙunƙuni, don a ganina ɗan jami'a ya wuce rakiyar yara.

Makarantar tana bakin wani titi ne mai hannu biyu, marar faɗi, ga lambatu dama da hagu, babu wurin da aka keɓe wa mai tafiya a ƙasa. Da hantsi titin fayau yake, kaza ma sai ta tsallaka ba fargaba. Amma da ƙarfe biyu ta kusa, sai wurin ya koma kasuwa. Masu motoci su jera a bakin ƙofa, wani ya yi layi na biyu a tsakiyar titi, ya kulle mota ya shige ciki neman ɗansa. 'Yan acaba su yi cincirindo, kowa yana so ya fi kusa da ƙofa. Ga Keke Marwa, ga danfo yana tsayawa inda ya ga dama, ga masu tallar alawa da biskit da ruwan leda sun kafa tire a daidai inda yara za su taka. Daga ranar 1 ga Yunin wannan shekara gwamnatin jiha ta hana acaba kwata-kwata a ƙananan hukumomi 6, ciki har da Ikeja da ke maƙwabtaka da mu. Agege ba ta cikin jerin, saboda haka muka wayi gari baburan unguwarmu sun ƙaru, akasarinsu a hannun samarin da ba su san lungunanmu ba.

Wata ranar Talata a tsakiyar Yuni na makara, hadari kuma ya haɗo. Da na iso na tarar ƙofar a cushe, sai ƙyuya ta hana ni tsallakawa. Na tsaya a ɗaya hannun titin, na hango Auta da jakarta, na ɗaga mata hannu na ce, "Auta, taho mana!" Yarinya ta ji muryar yayanta, ta ratso tsakanin motoci biyu da aka ajiye, ta faɗo titi a guje. Wani ɗan acaba da ya bi hannun da ba nasa ba don kauce wa cunkoso ya taka birki, amma ina! Ya kwashe ta, suka zube tare.

Kafin in kai gare ta jama'a sun yi wa yaron mai babur zobe. Ba zai wuce shekara 20 ba, ba ya jin Yarabanci, ba ya jin Turanci, sai rantsuwa yake yi da Hausa yana cewa wallahi bai gan ta ba. Wani har ya ɗauko katako. Baba mai gadin makarantar ne, wani dattijo Bayarabe, ya ja shi cikin ɗakin gadi ya kulle. Ni kuwa ina rungume da Auta na ɗaga murya da Yarabanci na ce ƙanwata ce, kuma ni na kira ta. Wannan magana ita ta kwantar da tarzomar, kuma ita ce gaskiyar da ban so furtawa ba.

A asibiti aka yi hoto, aka ga karaya a ƙaurin hagu, aka ɗaure ƙafar da filasta. Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Abin da ta ce kawai shi ne, "Allah Ya taƙaita. Amma yaro ba a kiran sa daga tsallake, zuwa ake yi a kama hannunsa." Har yau wannan magana ba ta bar kunnena ba.

A kwanakin jinya na yi ta juya abin a raina, na ga laifin ya rabu gida-gida. Ni na kira ta. Masu motocin nan biyu sun tare mata gani, sun kuma tare wa mai babur, domin tsawon yarinya 'yar shekara 6 bai kai ta leƙo ta saman mota ba. Mai babur ya bi hannun da ba nasa ba. Sannan akwai gudu. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: abin hawan da ke tafiyar kilomita 30 a sa'a yana cin fiye da mita 8 a daƙiƙa ɗaya, mai tafiyar kilomita 50 kuwa kusan mita 14. Wato kafin ido ya gani ƙafa ta kai ga birki, an riga an wuce tsawon motoci biyu ko uku. Wannan ne ya sa taron ƙasashen duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm a 2020 ya ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a wuraren da mutane da ababen hawa ke cakuɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara, kuma haɗarin titi shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mu a Legas ba sai an ba mu labari ba, domin a Disambar 2021 wata babbar mota ta afka wa ɗalibai a Ojodu daidai lokacin tashi, aka rasa rayuka.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye, mu ɗaliban harshe. Kullum da safe yaran makarantar suna rera ƙa'idar tsallaka titi da Turanci, a dubi hagu, a dubi dama, a sake duban hagu. Auta ta haddace ta tsaf. Amma da na ce ta nuna mini hagun da kalmar Turancin, sai ta yi ta kallon hannuwanta tana dariya. Ashe waƙa ce kawai a bakinta, ma'anar ba ta shiga ba. Sai da na ce mata, "Hannun da kike cin tuwo shi ne dama, ɗayan shi ne hagu, kuma da shi za ki fara," sannan ta kama. Baba mai gadi ne ya fahimtar da ni dalilin farawa da hagu. Ya ce yana saurayi aka yi canjin hannu a 1972, lokacin da Nijeriya ta bar tuƙi a hagu ta koma dama, daga nan motar da ta fi kusa da mai tsallakawa ta koma fitowa daga hagunsa. Ya ƙara da cewa, "Amma ɗana, a titin nan ka duba ko'ina, har sama, don mai babur ba shi da alƙibla."

Bayan mako biyu shugabar makarantar ta kira taron ƙungiyar iyaye da malamai, na wakilci Inna. Da farko kowa jifan wani yake yi. Masu motoci suka ce 'yan acaba ne, iyayen da ke dogara da acaba suka ce masu motoci ne, malamai suka ce aikinsu ya ƙare a bakin ƙofa. Wani ya ce a rubuta wa LASTMA, hukumar da jihar ta kafa a 2000 don kula da zirga-zirga, wani ya ce a'a, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa tun 1988 ita ta dace. Duka an rubuta, har da takardar neman a yi mana farin zanen tsallakawa da tudun rage gudu. To amma makarantun Legas nawa ne, ma'aikatan nawa ne? A nan na gane ainihin ciwon: cikin makaranta na malamai ne, gida na iyaye ne, titi na gwamnati ne, amma ƙofar ba ta da mai ita. Rabin sa'ar da yaro ya fi shiga haɗari a yininsa, ita ce wadda ba a damƙa wa kowa ba.

Daga ƙarshe aka tsayar da abubuwan da ba sa buƙatar kuɗi mai yawa. Aka samo tsofaffin tayoyi daga wurin mai faci, aka shafa musu fenti, aka jera su taku 20 dama da hagun ƙofa, ba mai ajiye mota a tsakani. Mai mota ya sauke ɗansa ta ƙofar da ke gefen makaranta ya wuce, in kuma yana da magana da malami, ya ajiye motar a layin baya ya tako. Aka ba masu talla wuri a jikin katanga can nesa da ƙofa. Aka ce 'yan nazare da aji ɗaya zuwa uku su riƙa tashi minti 15 kafin manya, don kada yara su fito lokaci guda kamar an buɗe wa tumaki garke. Yaran da ke tafiya a ƙasa aka haɗa su ayari-ayari bisa layukansu, kowane ayari da babba ɗaya. Sannan iyaye biyu su riƙa tsayawa kullum da riga mai ƙyalli da jan ƙyalle da usur, ba yaron da zai tsallaka sai ta gabansu.

Saura 'yan acaba, kowa ya ce ba za su ji ba. Ni aka tura, tunda ni ke jin harshensu. Na same su a inuwar da suke hutawa, na yi sallama, na gaida ciyaman ɗinsu, na ce ba da ƙara na zo ba, ni ne yayan yarinyar. Ciyaman ya ce, "Malam, tunda muke a layin nan ba wanda ya taɓa zuwa ya zauna da mu, sai dai zagi daga nesa. Faɗi abin da kuke so." Na ce su matsa zuwa kwanar gaba, iyaye za su riƙa kawo musu yaran har can, kada a bi hannun da ba daidai ba a gaban makaranta, kada kuma a ɗora yara huɗu biyar a babur ɗaya. Suka amince da biyun farko nan take, har suka sa wa kansu tara. Na ukun kuwa suka ce in koma in gaya wa iyaye, don su ne ke cewa a haɗa musu yaran a kuɗin mutum ɗaya. Ban sami abin cewa ba. Yaron da ya buge Auta yana wurin, washegari ya zo gidanmu da lemo a leda ya durƙusa ya gaida Inna.

Na riƙe jan ƙyallen nan daga ƙarshen Yuni zuwa hutun Yuli, na kuma ci gaba a Satumba har aka janye yajin aiki. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, ba 'yan acaba ne suka fi ba mu wahala ba, iyaye ne. Wani mai babbar mota ya taɓa ture tayoyin, ya sauke gilashi ya tambaye ni ko na san ko shi wane ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba, amma na san ɗanka yana cikin waɗanda nake tsallakarwa." Ya yi shiru, ya ja baya. Wasu kuma minti ɗaya suke roƙo, alhali mota 10 in kowace ta ci minti ɗaya an rufe titin ke nan. Na koyi cewa kalmar "duro" ta Yarabanci da "tsaya" ta Hausa, in aka haɗa su da gaisuwa, sun fi usur aiki.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Har na komo makaranta ba a yi zanen tsallakawar ba. Da na je hutu daga baya na tarar an daina raba lokacin tashi, wai iyaye masu yara a azuzuwa daban-daban sun koka da jira, masu aikin sa kai kuma sun ragu. Amma tayoyin suna nan, 'yan acaba suna kwanarsu, Baba kuma ya karɓi jan ƙyallen. Auta ta warke sarai, sai tabo, kuma ko ni na miƙa ƙafa zan tsallaka sai ta ja rigata ta ce, "Yaya, ba ka duba hagu ba."

'Yan'uwana, da yawanmu aji za mu shiga bayan kammala karatu, wasu ma tun a koyarwar gwaji ko hidimar ƙasa. Ina roƙon duk wanda aka tura wata makaranta ya ɗauki rana ɗaya ya tsaya a ƙofa lokacin tashi, ya ga abin da idona ya gani. Ya tambayi yaro ɗaya ina hagunsa da harshen da yake ji a gida. Ya je ya gaisa da masu babur da masu talla kafin wani abu ya faru, ba bayan ya faru ba, domin rigakafi ya fi magani. In kuwa an aike ka ɗauko ƙaninka, don Allah ka tsallaka ka kama hannunsa. Allah Ya tsare mana ƙannenmu, Ya kai su gida lafiya, amin.